Ƙarin giya a keke: daga 6 zuwa 9, ko akwai hanya mafi sauƙi?

Sanoussi Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar masana. Keke ne na gwanjo, firam na ƙarfe, taya 26, faranti uku a gaba, fayafai shida a baya. Aikinsa zirga-zirga tsakanin Damagaram da Mirya, wani lokaci da kaya a baya. Ana so a mayar da bayan ya zama 9 don ya yi sauƙin tuƙi cikin rairayi da iska. Me da me za a saya, kuma ƙafar bayan da ke kai za ta ɗauka?

Malam Issoufou Birni:
Wa alaikumus salam. Kafin a sayi ko noti ɗaya, ƙanena, a fara sanin irin cibiyar da ke ƙafar baya. Iri biyu ne, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Ka cire ƙafar, ka leƙa tsakiyar ƙaramin faifai, za ka ga wasu tsage-tsage inda makullin kwancewa yake shiga. Ka juya fayafan da baya-baya da hannu. In tsagen ya tsaya cak, fayafan kaɗai ke juyawa, to firiwil ne, wanda ake murzawa a kan zaren cibiya. In tsagen yana juyawa tare da fayafan, kaset ne, wanda ake zurawa a jikin cibiya a ɗaure da zobe. Mai fayafai shida kusan kullum firiwil ne, kuma kaset ba ya hawa cibiyar firiwil ko ta wane hali. Wato kaset mai 9 na nufin sabuwar ƙafar baya, ko a kwance tsinkaye a ɗaura sabuwar cibiya a tsohon janti.

Abu na biyu, ka sa ma'auni tsakanin bakunan firam biyu inda sandar cibiya ke zama, daga ciki zuwa ciki. Za ka samu 126, 130 ko 135 na milimita. Ka ƙirga mana haƙoran fayafai da na faranti kuma.

Sanoussi Garin Malam:
An duba, Malam. Tsagen ba ya motsi. Faɗin firam 135. Baya 14, 16, 18, 21, 24, 28. Gaba 48, 38, 28.

Laouali Mai Keke:
To ga lissafi, don a san abin da ake nema. Taya 26 tana cin kusan mita 2.07 a juyi ɗaya. Ka raba haƙoran gaba da na baya, ka ninka da wannan, ka samu tazarar da keke ke yi a kewayen feda ɗaya. Mafi nauyin giyarka 48 da 14, wato mita 7.1. Mai juya feda sau 80 a minti a wannan giya yana gudun kilomita 34 a awa. Da kaya a baya, a hanyar Mirya, wa ke neman fiye da haka? Mafi sauƙinta 28 da 28, mita 2.07. Nan ne matsalarka take. Abin da rairayi ke so shi ne babban faifai a baya, ba yawan fayafai ba.

Akwai firiwil na Shimano mai 7 da ake kira Megarange: 14, 16, 18, 20, 22, 24, 34. Yana hawa zaren cibiyarka kai tsaye. Da 28 a gaba, 34 a baya, ka sauko mita 1.7. Kaset mai 9 na 11 zuwa 34, wanda za ka canza rabin keke dominsa, mafi sauƙin giyarsa ita ma mita 1.7 ce, ba ƙari ko taƙi. Abin da zai ƙara maka shi ne 48 da 11, mita 9, giyar da ba za ka taɓa takawa ba sai a gangara da iska a bayanka.

Akwai ma irinsa mai 6, 14 zuwa 34, in ba ka son taɓa libar giya sam.

Abdoul Kader:
Malam Laouali, lissafinka daidai ne amma ban yarda da hukuncin ba. Ka dubi tsallen da ke tsakanin 24 da 34. Haƙora goma ne, sama da kashi 40 cikin 100 a taki ɗaya. Mutum yana tafe yana fama da iskar hunturu a gabansa, 24 ta yi masa nauyi, ya sauka 34, ƙafafunsa su riƙa juyawa a banza. A kaset mai 9 kuwa jerin shi ne 11, 13, 15, 17, 20, 23, 26, 30, 34. Kowane taki ɗan kaɗan ne, kana samun wanda ya dace da numfashinka. Amfanin yawan fayafai ke nan.

Sannan akwai maganar da ta fi wannan nauyi tunda ya ambaci kaya. A cibiyar firiwil, boris na ɓangaren dama yana can ciki, ƙarƙashin fayafai, sai wani dogon yanki na sandar ya fito waje ba abin da ya tallafe shi. Duk ramin da aka faɗa da jarka biyu a baya, nan ƙarfin ke sauka. Shi ya sa sanda ke lanƙwashewa ko ta karye daidai bakin boris ɗin dama. Ƙara faɗin firiwil ƙara tsawon wannan yanki ne. A cibiyar kaset boris ɗin dama yana can bakin waje, kusa da firam, sanda ba ta shan wannan wahala.

Laouali Mai Keke:
Maganar sanda gaskiya ce, ba musu. Saboda ita ce ma nake hana kowa firiwil mai 8 ko 9, ko da ya gan shi a kasuwa da araha. Mai 7 shi ne iyaka. Amma tsallen 24 zuwa 34 yana da magani a gaba, ai faranti uku gare shi. 38 da 34 na ba da mita 2.3, 28 da 24 na ba da 2.4, 28 da 22 na ba da 2.6. Giɓin da kake gani a baya faranti na cike shi.

Kuma a daina ruɗuwa da ninka lamba. 3 sau 9 ba giya 27 daban-daban ba ne. Ko a kekensa na yanzu, 48 da 24 daidai yake da 28 da 14, duka biyu ninki biyu ne cif. Ga kuma waɗanda bai kamata a hau ba: babban faranti da babban faifai, ƙaramin faranti da ƙaramin faifai, domin sarƙa na karkacewa tana cin haƙora ta gefe.

Baba Maman Sani:
Ƴaƴana, ku bar ni in jera wa yaron nan abin da 9 ke ci, ya auna da aljihunsa. Cibiya mai kaset ta faɗin 135, kuma yawan ramukanta ya yi daidai da na janti, 36 da 36 ko 32 da 32. Tsinkaye sababbi, domin da wuya tsawon tsofaffin ya dace. Kaset. Sarƙa ta 9, don ta 6, 7 da 8 faɗinta ta waje ya ɗan haura milimita 7, ta 9 kuwa wajen 6.6 ce, mai kaurin za ta riƙa gogar faifan maƙwabci. Libar giya ta 9. Kebul da rigarsa. Wataƙila da derayer, wato ƙarfen da ke tura sarƙa daga faifai zuwa faifai.

Dalilin canza liba shi ne tazarar da ke tsakanin faifai da faifai ba ɗaya ba ce. A Shimano, mai 6 milimita 5.5 ne, mai 7 kuma 5.0, mai 8 4.8, mai 9 wajen 4.35, mai 10 3.95. Liba mai ƙas-ƙas kowane danni tana jan kebul gwargwadon wannan tazara. In ka haɗa libar 6 da fayafai 7, biyu ko uku na farko za su shiga, sauran sarƙa ta tsaya a tsakani tana kuka.

Ni a ganina, a ƙasarmu ta ƙura, duk abin da ya wuce 8 wahala ce ga mai keken aiki. Tazara na ƙanƙancewa, kuskure kaɗan na isa ya ɓata saiti. Rairayi ya shiga rigar kebul, ko kunnen firam, inda derayer ke manne, ya ɗan karkace don keke ya faɗi ta dama, mai 7 zai haƙura ya ci gaba da aiki, mai 9 ko 10 zai fara tsalle. Sannan sarƙar 6, 7 da 8 ɗaya ce, ita ce kuma aka fi samu wurin masu kayan keke. Wanda sarƙar 9 ta tsinke masa a ƙauye zai sha nema.

Abdoul Kader:
To Baba, mu haɗu a tsakiya. In zai canza ƙafa saboda kaya, ya sa cibiyar kaset, ya ɗora mai 8 na 11 zuwa 32: 11, 13, 15, 18, 21, 24, 28, 32. Sanda mai ƙarfi, sarƙa mai kauri, ba tsalle babba. Cibiyar kuma ba ta rufe masa ƙofa ba, domin kaset na 8, 9 da 10 duk jiki ɗaya suke hawa. Kaset mai 7 ma na hawa, sai dai a fara sa zoben cika na milimita 4.5 a bayansa, in ba haka ba zoben ɗauri zai ƙare zarensa fayafai na nan suna girgiɗi.

Sanoussi Garin Malam:
Na gode ƙwarai. Yanzu dai ƙarfin aljihu na mai 7 ne. Derayer ɗin da ke kai zai iya hawa 34?

Malam Issoufou Birni:
Abu biyu ake dubawa. Na farko, mafi girman faifan da aka ƙera shi ya hau. Da yawa daga masu zuwa da keke mai 6 iyakarsu 28, in ka tilasta musu 34 ƙaramar tayar sama ta derayer za ta riƙa karo da haƙoran faifai. Na biyu, yawan sarƙar da wutsiyarsa ke iya naɗewa. Ka cire ƙaramin faranti daga babba, 48 ban da 28, saura 20. Ka cire ƙaramin faifai daga babba, 34 ban da 14, saura 20. Jimla 40. Sai derayer mai doguwar wutsiya wanda ƙarfinsa ya kai 40 ko ya wuce, irin Tourney, Altus ko Acera na Shimano da aka rubuta suna ɗaukar 34.

Abin daɗi, derayer na baya na Shimano daga 6 har 9 ma'aunin jansu ɗaya ne, liba ce ke ƙirga giya, ba shi ba. Don haka wanda aka rubuta wa 8 ko 9 zai yi aiki da libar 7 lafiya. Inda ake faɗawa rami shi ne na keken dutse mai 10 zuwa sama, ma'auninsu daban ne, haka ma yawancin na kamfanin SRAM. Kada a haɗa su da libar Shimano ta 7.

Ka duba yadda yake manne da firam kuma. In firam na da kunne mai zare, derayer na ɗauruwa da noti mai milimita 10. In babu, sai ka nemi mai ƙugiya, wanda ake maƙalawa a bakin firam sandar cibiya ta danne shi.

Oumarou Sabon Gari:
Ga yadda aikin ke tafiya, daki-daki.

Firiwil na ɗaure kansa da kowane taki, don haka tsoho ba ya kwancewa da wasa. Ka sa makullinsa mai tsage 12, ka mayar da notin sanda a kai ya riƙe shi kada ya zame, amma ka bar ɗan sarari. Mafi sauƙi a matse makullin a abin matse ƙarfe na teburin mai walda, a kifa ƙafar a kai, a kama taya da hannu biyu a juya hagu. Da ya motsa ka cire notin kafin ka ci gaba. Kada a buga da guduma da kurfi, zoben boris na firiwil za ka kwance, ƙananan boris su watse a ƙasa. Wanda kuma zai canza janti ko cibiya, kada ya yanke tsinkaye sai ya cire firiwil tukuna. In babu janti ba abin da za ka kama ka juya.

Kafin ɗora sabo ka goge zaren, ka shafa giris, ka fara murzawa da yatsu. Zaren siriri ne, 24 a inci ɗaya, in cibiyar ta alminiyom ce kuma ya hau a karkace, juyi biyu sun isa su cinye shi. Ya kamata ya tafi sumul har ƙarshe. Ba sai an ɗaure da ƙarfi ba, feda za ta yi sauran.

Mai 7 ya fi mai 6 faɗi da kusan milimita 2.5. Ka mayar da ƙafar a firam ka duba ko sarƙa a kan 14 tana gogar firam. In tana goga, ka ɗauke wosha na milimita 2 ko 3 daga hagun sanda ka mayar dama, jimlar faɗin ta tsaya 135. Yin haka na jan janti ya bar tsakiya, don haka sai a sassauta tsinkayen hagu rubu'in juyi, a ɗaure na dama rubu'in juyi, kewaye ɗaya bayan ɗaya, har janti ya daidaita tsakanin takalman birki. Wanda ya tsallake wannan zai ga birki ɗaya na goga, keke na ja gefe.

Tsawon sarƙa: tsohuwar ba za ta isa 34 ba. Ka ɗora sabuwa a kan 48 da 34 ba tare da ta bi ta derayer ba, ka ja bakunan su haɗu, ka ƙara inci ɗaya, wato gaɓa biyu, ka yanke nan. In ta gaza haka, ranar da hannu ya kuskure ya kai ta manya biyu, derayer zai miƙe ya shige cikin tsinkaye.

Laouali Mai Keke:
In ƙara kan saiti, don nan ake ɓata aiki mai kyau. Kafin ka ɗaura kebul, ka saita sukurun H da ke jikin derayer har ƙaramar tayar sama ta tsaya daidai ƙarƙashin 14. Ka tura derayer da yatsa zuwa 34, ka saita L ya tsaya daidai ƙarƙashinsa, kada ya wuce ko kaɗan, bayan 34 tsinkaye ne. Sai sukurun B, wanda ke bayan inda derayer ya manne: ka murza shi har a sami tazarar milimita 5 zuwa 6 tsakanin tayar sama da haƙoran 34. Yanzu ka mayar da liba giyar ƙarshe, ta 14, ka ja kebul da hannu, ka ɗaure. Danna sau ɗaya. In sarƙa ta yi jinkirin hawa 16, ka juya marfin saiti hagu rubu'in juyi, kebul ya ƙara tsauri. In hawa lafiya amma saukowa na jinkiri, ko dai ya yi tsauri da yawa, ko rigar kebul ta cika da datti.

In ka saita tsakiya ya yi daidai amma gefe biyu sun ƙi, ka daina wahalar da sukuru. Ka tsaya bayan keken ka duba wutsiyar derayer, ya kamata ta sauko a miƙe, layi ɗaya da fayafai. In ta karkata ciki, kunnen firam ne ya lanƙwashe. Na ƙarfe ana miƙe shi a hankali, na alminiyom sau da yawa canzawa ake yi.

Rigar kebul ɗin giya daban take da ta birki. Ta giya milimita 4 ce, wayoyinta a miƙe suke don kada ta matsu. Ta birki 5 ce, a naɗe take. In ka sa ta birki a giya, saiti ba zai zauna ba. In ka sa ta giya a birki kuwa, tana iya fashewa lokacin da ka fi buƙatarta, wannan kada a kuskura.

Baba Maman Sani:
Wanda bai sami liba mai ƙas-ƙas ta 7 ba kada ya damu. Liba marar ƙas-ƙas, wadda ake turawa da babban yatsa har sarƙa ta yi shiru, tana aiki da 5, 6, 7, 8, da kowane irin derayer. Kunne ne ma'auninta. Ga keken da ke kwana cikin ƙura ni ita na fi amincewa da ita.

Hajiya Rabi Zango:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Tunda ana kan magana, babban keken nan mai taya 28 da birkin sanda, irin Phoenix, wanda yara ke ɗebo ruwa da shi, za a iya sa masa giya? Da jarka a baya ba sa iya tada shi.

Malam Issoufou Birni:
Hajiya, derayer bai dace da shi ba. Firam ɗinsa matsattse ne a baya, sarƙarsa mai faɗi ce, ta kashi ɗaya cikin takwas na inci, ba ta shiga tsakanin fayafai, siririyar sarƙa kuma ba ta zama a kan haƙoran farantinsa. Kafin a gyara duk wannan an kashe kuɗin wani keken.

Abin da zai yi amfani nan take shi ne canza firiwil ɗinsa guda ɗaya zuwa babba. Tayar 28 tana cin kusan mita 2.2 a juyi. In gaba 44 ne, baya 18, kowane kewayen feda mita 5.4 ne, nauyin da ko babba zai ji da lita 40 a baya. A sa 20 ya koma 4.8, a sa 22 ya koma 4.4. Gudu zai ragu, amma yaro zai tashi daga tsaye ba tare da ya miƙe kan feda ba. Kowane haƙori ɗaya da aka ƙara yana jan sanda gaba da kusan milimita 3, don haka daga 18 zuwa 22 sai an ƙara wa sarƙa gaɓa biyu. A bar mata lilo kamar santimita ɗaya a tsakiya. In akwai murfin sarƙa a duba kada babban faifan ya goge shi.

Oumarou Sabon Gari:
Akwai kuma giyar cikin cibiya mai 3, irin Nexus ta Shimano ko Sturmey-Archer, da ake samu a wasu kekunan gwanjo. Komai a rufe yake, ƙura ba ta kai gare shi, sarƙa a miƙe take, ana canza giya ko keke na tsaye. A Nexus mai 3 ta farko na rage kusan kashi 27 cikin 100, ta biyu kai tsaye ce, ta uku na ƙara kashi 36. Da 44 da 22 a tayar 28 za a sami kusan mita 3.2, 4.4 da 6. Sai dai a ƙirga ramuka kafin a saya: cibiyoyin nan yawanci 36 ne, jantin baya na manyan kekunan nan kuwa wasu 40 ne. A auna faɗin cibiyar da na firam. Kada kuma a yar da wosha mai harshe da ke hana sanda juyawa, in babu shi sanda za ta juya ta buɗe bakin firam. Saitinta a giya ta biyu ake yi, a daidaita alamar rawaya da layinta. Lokacin canzawa a sassauta taki.

Abdoul Kader:
Gargaɗi ɗaya ga masu tsofaffin kekunan Faransa, irin Peugeot da Motobécane na da. Wasunsu zaren cibiyarsu na Faransa ne, milimita 34.7, ya ɗan gaza na yanzu mai kusan 34.9. Firiwil na yanzu zai hau kamar ya yi, da sako-sako, ranar da aka taka da ƙarfi ya share zaren gaba ɗaya. In ka ji yana girgiɗi tun kana murzawa da hannu, ka tsaya. Masu firam 126 da ke son cibiya 130, in ƙarfe ne ana buɗe shi da hannu ƙafar ta shiga. In alminiyom ne kada a buɗe, tsagewa yake yi.

Sanoussi Garin Malam:
Allah ya saka da alheri. Za a ɗauki firiwil 14 zuwa 34, derayer mai doguwar wutsiya, sarƙa da liba. Faranti na gaba fa, a bar su?

Laouali Mai Keke:
A bar su in haƙoransu ba su zama kamar ƙaya ba. Ka gwada: ɗora sabuwar sarƙa a babban faranti, ka ja ta gaba da yatsu daga tsakiyarsa. In ta ɗago har kana hango haske a ƙarƙashin haƙora uku ko huɗu, farantin ya ci, zai riƙa zamewa in an taka da ƙarfi. Na tsakiya, 38, shi ya fi saurin cinyewa don shi aka fi hawa.

Sannan ka riƙa auna sarƙar, ita ce ke kashe fayafai. Gaɓa 24 na sabuwa inci 12 ne cif, milimita 304.8. In ta kai 306.5 ka canza ta, firiwil zai tsira. In ka bari ta kai 308, haƙoran sun riga sun bi ta, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kan 14 da 16, sai an canza duka biyun. Baƙin man inji da ake zubawa yana kama ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe. Ka wanke da kananzir, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. Lokacin hunturu a yi haka duk mako.

Baba Maman Sani:
Tunda ƙafar na ƙasa, ɗana, ka zare sandar ka gangara ta a kan gilashi ko tebur mai santsin fuska. In tana ɗingishi ta riga ta lanƙwashe, ka canza ta yanzu, ka sa sababbin boris, tara a kowane gefe masu rubu'in inci, da giris mai yawa. Sanda cikakkiya mai noti ta fi mai rami a ciki jure kaya a cibiyar firiwil. Bayan sati biyu da hawa ka sake taɓa marfin saiti, sabon kebul yana ɗan saki.